Shekarata ta farko a cikin kayak, daga kaka zuwa kaka

Tun da na fara tuƙa kayak, tambayar da aka fi yi mini ita ce inda ake sayen jirgin. Ni ma da ita na fara, kuma ita ta ci mini kusan wata biyu a banza, don sayen jirgi shi ne ya kamata ya zo ƙarshe. Na rubuta wannan ne saboda mai sha'awar abin da bai san ta inda zai kama ba. Zan faɗi yadda shekarata ta farko ta kasance a tafki ɗaya da kogi ɗaya da ke kusa da ni, har da wuraren da na yi kuskure.

Ga wanda bai taɓa gani ba, kayak ɗan siririn jirgi ne, yawanci na mutum ɗaya. Bambancinsa da kwalekwale shi ne a ƙasa kake zama, ƙafafu a miƙe gaba, filafilin kuma baki biyu gare shi, a tsoma dama a tsoma hagu. Asalinsa na mutanen Inuwit ne da maƙwabtansu, mazauna yankunan ƙanƙara na Girinlan da Kanada da Alaska, waɗanda ke ɗinka fatar dabbar teku a kan ƙashi ko itace su fita farauta. Ya zama abin yawon shaƙatawa ne bayan wani ɗan Birtaniya, John MacGregor, ya zaga kogunan Turai da nasa a 1865, sannan tserensa ya shiga gasar Olamfik a birnin Balin na Jamus a 1936. Na yau galibi roba ce mai kauri, nauyinsa kilo 20 zuwa 30, mutum ɗaya na iya saɓa shi a kafaɗa.

Wajen ƙarshen damina na samu wata ƙungiyar masu tuƙi da ke koyarwa a bakin tafki. Na je da zumuɗi, a zatona ranar zan shiga ruwa. Abin da aka miƙo mini fom ne mai shafi biyu. An tambayi ko ina da farfaɗiya, ciwon zuciya ko asma, an nemi hoto biyu, da lambar wanda za a kira in wani abu ya faru. Na biya kuɗin rajista, aka ce in dawo bayan mako uku, domin ba sa ɗaukar sababbi sai ruwa ya fara ja. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar. Na koma gida ina ganin jan rai ne kawai. Sai daga baya, da na ga abin da ruwan damina yake yi, na gane wannan mako ukun alheri aka yi mini.

Da na dawo, nan ma ba a ba ni jirgi ba. Gwajin iyo aka fara yi mana: mita 50 da tufafi a jiki, sannan a tsaya cikin ruwa mai zurfi na ɗan lokaci ba tare da kama komai ba. Mu bakwai ne, biyu suka kasa, aka mai da su ajin iyo ba tare da an kunyata kowa ba. Sannan aka raba rigar ceto. Wadda masu kayak ke sawa ƙarfin ɗagawarta akalla niyuton 50 ne, wato kusan kilo biyar, kuma hakan ya isa ya riƙe kan baligi a sama, amma ba za ta juyo da fuskar wanda ya suma ba. Malaminmu, wani dattijo marar yawan magana, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana kama kafaɗun rigar yana ja sama. Tawa ta hau har kunnuwana. Ya ce, "A cikin ruwa ma haka za ta hau, ta bar ka a ƙasa. Ƙara ɗaure ta." Akwai usur ɗaure a kowace riga, busa uku a jere alamar neman taimako ce.

Darasin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na kifewa da gangan. Kafin a koya maka tafiya, sai an koya maka fita daga jirgin da ya kife. Ana zama, a ɗaura siket ɗin roba wanda ke rufe bakin jirgi don kada ruwa ya shiga, a tabbata madaukinsa yana waje, sannan a ce ka karkata har ka juye. Malam yana tsaye cikin ruwa iya ƙirji, hannunsa a kan hancin jirgina, amma na fi minti biyu na kasa. Da na juye, sai duniya ta yi shiru. Na buɗe ido na ga haske kore-kore yana saukowa ta gefen jirgin, ruwa ya cika mini hanci, zuciyata na dukan uku-uku. Na tuna tsarin: sunkuya gaba, buga cikin jirgi sau uku, laluba madauki, ja shi gaba sannan sama, dafa gefe biyu daidai kugu, tura jirgin kamar mai tuɓe wando. Ban yi daƙiƙa goma ba na fito ina tari. Malam ya ce, "Madalla. Sake." Sau shida na yi a ranar. Duk wanda ya ce zai koya maka kayak bai sa ka yi wannan ba, ka nemi wani malamin.

Tuƙin kansa bai ɗauki lokaci ba. Abin da ya wahalar da ni shi ne ina ja da damtse, kafin rabin awa kafaɗuna sun mutu, jirgin kuma sai kewaya yake yi. Malam ya kan ce, "Hannu riƙo ne aikinsa, kugu ne mai tuƙi." Ka dasa bakin filafili kusa da yatsun ƙafarka, ka murɗa jiki, ka cire shi daidai kugu, ƙafarka na tokare da matakin da ke ciki. Ranar da abin ya zauna mini, na ji jirgin ya miƙe kamar an ɗora shi a kan zare.

Sai batun izini, wanda babu wanda ya gaya mini tun farko. Tafkin na madatsar ruwa ne, akwai hukumar da ke kula da shi, kuma in za ka shiga ba a ƙarƙashin ajin ƙungiya ba sai da takardarta. Sau uku na je ofishin. Zuwan farko jami'in da ke sa hannu ba ya nan, na zauna a benci daga hantsi har azahar ta wuce. Zuwa na biyu aka ce sai na kawo wasiƙa daga ƙungiya da ke shaida na ci gwajin iyo, da kwafin katin shaida, da bayanin jirgin da zan riƙa shiga, tsawonsa da launinsa. Da tun ranar farko na tambayi magatakarda jerin takardun, da na huta. Zuwa na uku na biya kuɗin shekara, na karɓi rasit, aka ba ni ɗan kati da taswira mai jan layi. Jan layin shi ne iyakar da ba a tsallakewa kusa da bangon madatsa da bututun da ke jan ruwa, a kan ruwa kuma an yi masa alama da jerin jarkoki masu launi. Dokokin nan sun bambanta daga wuri zuwa wuri: wani ruwan kowa na iya shiga, wani sai da lasisi, wani kuma ruwan a buɗe yake amma gaɓar tana da mai ita. Ka tambaya kafin ka sauke jirgi. Katina na naɗe shi a leda, yana aljihun rigar ceto, an kuwa tambaye ni shi sau biyu.

Kaka ita ce lokacin daɗi. Ruwa a cike yake amma ya kwanta, laka ta zauna, iska ba ta da ƙarfi. Ina karɓar jirgin haya na ƙungiya, mai tsawon mita uku da faɗin ciki, irin wanda ba ya saurin kifewa. Na kan fita da sassafe. Akwai wata safiya da ba zan manta ba, hazo kwance a kan ruwa, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga bakin filafili. Na daina tuƙi, jirgin ya ci gaba da sulalewa har na zo kusa da wani zalɓe da ke tsaye da ƙafa ɗaya a cikin ciyawa. Ina ganin ƙwayar idonsa rawaya, ya kalle ni, ya ci gaba da gadin kifinsa. Kayak ba shi da ƙara, zamanka kuma daidai fuskar ruwa yake, shi ya sa tsuntsaye ba sa ɗaukar ka a bakin komai. A wannan lokacin ne na san masuntan wurin. Wani tsoho da nake kira Baba ya nuna mini inda suke shimfiɗa raga, ya ce, "Ɗana, in ka ga gora tana yawo, ka zaga ta baya. Abincin wani ne a ƙarƙashinta." Shi ne kuma ya gaya mini lungun da ba a shiga saboda kada. Babu taswirar da ta ba ni abin da Baba ya ba ni.

Wata biyu na kaka sun sa na ɗauka na san tafkin. Hunturu ne ya nuna mini ban san shi ba.

Wata Asabar na fita ni kaɗai, iska na busowa daga bayana, daga gaɓa zuwa tsakiyar ruwa. A bakin gaɓa ruwan lumui yake, domin tudu da itatuwa sun tare iskar. Tafiya ta yi mini sauƙi har ina jin daɗin ƙarfina, ashe iska ce ke tura ni. Da na yi nisan kamar kilomita ɗaya na waiwaya, sai na ga igiyoyin ruwa sun fara farin kai. A ma'aunin iska na Beaufort, wanda wani hafsan sojan ruwan Birtaniya ya tsara a 1805, wannan farin kan yana yawaita ne a mataki na 4, wato iska mai gudun kilomita 20 zuwa 28 a awa. Mai koyo kuwa da ƙyar yake wuce kilomita huɗu ko biyar a awa a ruwa kwantacce. Na juya zan koma, ina cikin juyawa igiya ta bugi jirgin ta gefe, sai ga ni a ƙarƙashi. Hannuna ya sami madauki da kansa, darasin Malam ya yi rana. Amma sanyin ruwan ya sa numfashina ya riƙa fizga, na kusa minti guda ban iya saita shi ba. Na riƙe jirgi da hannu ɗaya, filafili da ɗayan, don an gargaɗe mu cewa iska na tafiya da jirgin da babu kowa ciki fiye da saurin mai iyo. Na gwada hawa sau biyu ina zamewa. Na busa usur. Wasu masunta biyu suka zo da kwalekwale, suka ɗaga hancin jirgin suka zubar da ruwan, suka riƙe mini shi na hau, suka raka ni har gaɓa.

Wahalar ba ta ƙare a ruwa ba. Rigar auduga ce a jikina, ta jiƙe ta manne, iskar hunturu na dukanta. Haƙorana suna kaɗawa, yatsuna sun kasa kwance igiya. Ruwa yana zuƙe zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska, jiƙaƙƙiyar auduga kuma ba ta riƙe ɗumi ko kaɗan. A ƙasashen da ruwa ke sauka ƙasa da digiri 15, wannan fizgar numfashi ta mintin farko ita ce ke kashe mutane tun kafin sanyi ya ratsa su, shi ya sa masu tuƙi a can suke sa rigar roba ta musamman. Da na gaya wa Malam, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Gwanin ruwa shi ruwa kan ci, balle kai. Ka yi shiga don ruwan da za ka faɗa, kada ka yi don ranar da kake gani a sama." Ya sa ni ajin ceto na mako huɗu, inda muka koyi hawa jirgi daga cikin ruwa da taimakon juna. Tun daga nan, in iska na busawa daga gaɓa zuwa tsakiya ba na nisa, in zan yi doguwar tafiya kuma da iska a fuskata nake farawa, don ta turo ni gida lokacin da na gaji.

Bazara ta zo da nata. Ruwa ya ja sosai, inda muke sauke jirgi ya koma taɓo, sai ka saɓa jirgi ka yi tafiya mai nisa kafin ka kai ruwa. A lokacin ne ƙungiya ta fara kai mu kogi, saboda ya yi laushi. An bayyana mana cewa koguna ana auna wahalarsu daga mataki na 1 zuwa na 6, na ɗaya ruwa ne mai tafiya a hankali, na shida kuwa ko ƙwararru kasada ce gare su. Namu a bazara na ɗaya ne. Muka koyi fakewa a bayan dutse inda ruwa ke komawa baya, da tsallake kogi a karkace hancin jirgi na kallon inda ruwa ke fitowa. Rabin tafiyar ma jan jirgi ne a kan yashi. Zafi ne babban abokin gaba: rana na dukanka daga sama, ruwa na mayar maka da ita daga ƙasa. Lita biyu na ruwan sha ba sa isa ta, kuma ƙarfe goma na safe muke fita daga ruwa.

Abin da na yi sakaci da shi a bazara shi ne tsargiya. Ruwan da ya kwanta a gefe, mai ɗumi da ciyayi, shi ne gidan ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da tsutsar, ita kuma ta fata take shiga, ba sai ka sha ruwan ba. Na yi ta tsayawa cikin irin wannan ruwan ina jan jirgi. Wata ma'aikaciyar jinya da muke tuƙi tare ta ce mini, "Yaya, kada ka jira sai ka ga jini a fitsari, je ka a gwada ka." Na je asibiti, aka karɓi fitsari da bayan gida, na koma bayan kwana biyu, sakamako ya nuna akwai. Likita ya auna nauyina ya ba ni maganin da ake kira praziquantel, na sha a rana ɗaya, ya ba ni ranar dawowa a sake dubawa. A wuraren da cutar take, mai kayak ya mai da wannan gwajin abin yi a kai a kai.

Da shamuwa ta dawo, hadari ya fara haɗuwa da yamma, sai aka ƙara mana doka. A kan ruwa kai ne abu mafi tsawo, don haka da jin tsawa sai gaɓa. Ƙara tana tafiyar kilomita ɗaya a cikin daƙiƙa uku, in ka ga walƙiya ka ƙirga bai kai 30 ba ka ji rugugi, hadarin yana cikin kilomita 10 da kai. Ba a komawa ruwa sai an yi minti 30 da tsawar ƙarshe. Iskar da ke gaban hadari ma ta isa ta kifar da mutum tun ruwan sama bai sauko ba.

A tsakiyar damina ƙungiya ta rufe kogi ga irinmu. Malam ya ɗauke mu a ƙafa, muka bi gaɓa don mu gani da ido. Na tsaya a wurin da na ja jirgi a kan yashi wata uku da suka wuce, ban gane shi ba. Ruwa ja wur, yana tafe da itatuwa da tarkace, dutsen da muke fakewa bayansa ya nutse. Malam ya ce ruwan da zai cika akwati mai mita ɗaya a tsawo, mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya a zurfi nauyinsa tan guda ne, kuma in gudun ruwa ya ninka biyu, ƙarfin turinsa ninkawa huɗu yake yi. Ya nuna mana wata bishiya da ta faɗi cikin kogi, ruwa na wucewa ta tsakanin rassanta kamar rariya. Ruwa zai wuce, mutum ba zai wuce ba, zai manne ne ruwa ya danne shi. Sannan ya kai mu wata 'yar gajeriyar madatsa ta siminti, tsayinta bai kai mutum ba, wadda a bazara yara ke wasa a kanta. A ƙasanta ruwa na naɗewa yana komawa baya. Akwai wani gungume a wurin, ya nutse, ya ɓullo, ruwa ya mai da shi gindin siminti, ya sake nutsewa. Mun fi minti ashirin a tsaye, gungumen bai fita ba. Babu wanda ya yi magana. Ruwan wurin cike yake da kumfa, ba ya ɗaga mutum yadda ya kamata ko da rigar ceto, kuma daga sama ba ka hango madatsar sai ka zo kanta, layi ɗaya kawai za ka gani a miƙe a fuskar ruwa. Duk damina a lungunan tafki muka tsaya, da safe, bayan mun tambayi ma'aikatan madatsa ko za su saki ruwa.

Sai da kaka ta zagayo na sayi jirgina, na hannu, mai tsawon mita huɗu da rabi, da ɗaki rufaffe gaba da baya wanda ke hana shi nutsewa in ya kife. Da na saya tun farko, da gajere mai faɗi zan ɗauka, irin wanda iska ke wasa da shi a buɗaɗɗen tafki. Na duba ƙasansa da kyau ko ya lotsa, na danna robar in ji ko rana ta busar da ita, na kuma ce sai na gwada shi a ruwa kafin in biya. Rigar ceto kuwa sabuwa na saya, a nan ban nemi rahusa ba. Da na haɗa lissafi, kuɗin darasi da haya da izini na shekara guda bai kai kuɗin jirgin ba.

In da zan sake farawa, ga yadda zan jera abin: iyo, darasin kifewa, izini, haya na tsawon shekara, sannan saye. Zan nemi ajin ceto kafin sanyi ya shigo, ba bayan na faɗa ba. Ba zan fita ni kaɗai ba sai na iya hawa jirgi daga cikin ruwa sau uku a jere ba tare da taimako ba. Abin da ya fi ba ni mamaki a shekarar shi ne zurfin ruwa, wanda shi kowa ke tsoro, bai taɓa zama matsalata ba. Iska ce, da sanyi, da bishiyar da ta faɗi, da madatsar da ba ta kai tsayina ba, kuma kowanne da watan da yake fitowa. Shi ya sa nake ajiye ɗan littafi, duk fita in rubuta kwanan wata, inda iska ta fito, da inda ruwa ya kai a jikin wani ginshiƙin gada da na mayar ma'aunina. Yanzu kafin in sauke jirgi daga kafaɗa na kan tsaya minti biyar a gaɓa ina kallon ganyen itatuwa da tsakiyar ruwa, in aika wa na gida saƙon inda zan bi da lokacin da zan dawo, in leƙa wajen Baba in ji abin da ya gani da asuba. A watan jiya sau biyu na mai da jirgin gida bai taɓa ruwa ba, ranar ta uku na tuƙa har bakin kogi na dawo kafin hantsi.